Turancin Tonton Jo

Bronx, New York
6 ga Maris, 2005

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdurrashid da yara. Ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, sai sanyi da zaman tasi. Na ba Alhaji Alu wannan wasiƙa ya kawo miki hannu da hannu, tunda an ce gidan wayarku bai dawo daidai ba har yanzu.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta. Na ga Tonton Jo! Hotonsa nake nufi, Allah Ya sa ban tsorata ki ba. Ranar Asabar na sauke fasinja a gaban wani ɗakin karatu a Harlem, sai ga fuskarsa a manne jikin gilashi, da hular nan tasa ta ma'aikatan jirgin ruwa. A ƙasa an rubuta: Josiah Pettway, mawaƙi. Na ajiye motar na shiga, na tarar ana taron tunawa da shi.

Vraiment, mun zauna da babban mutum ba mu sani ba. Mu mun ɗauke shi tsohon abokin Baba na tashar jiragen ruwa, makaho mai ciwon suga da ya zo ya ƙare kwanansa a ɗakin kusa da famfo a gidanmu na unguwar Biafra a Treichville, can Abidjan. Ashe a nan ana koyar da waƙoƙinsa a jami'a. Mutum ya fi ɗari biyu a zauren. Sun ce shi ne ya ɗauki Turancin ƙauyensu na Alabama, wanda ake yi wa dariya, Turancin masu noman auduga da masu wanki, ya rubuta shi yadda yake fita daga baki, har mutanensa suka daina jin kunyarsa. Wata tsohuwa ta tashi ta karanta ɗaya da ka, wallahi kamar Tonton ne zaune a kan bencinsa yana jiran shayi.

Amma an yi gardama. Wani farfesa ya ce littafinsa na ƙarshe, wanda ya rubuta a Abidjan, da tsabtataccen Turancin makaranta ya yi shi, wai da ya tsufa ya juya wa bakin uwarsa baya. Wani ya ce cin amana ne. Na so in tashi in ce ƙarya ne, har ya mutu ba ya ƙarasa kalma, cinye wutsiyarta yake yi. Sai na tuna ke kika buga masa littafin a keken rubutu, ni kuma na ɗauko shi a ambulan lokacin da zan taho a 98. To ke kin fi kowa sani. Me ya faru?

Na kuma ga 'yarsa, Loretta. Ta ba ni lambarta.

Ki gaida kowa da kowa. Naki,
Abdulra'uf

*

Bromakoté, Adjamé
2 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga ƙanena Abdulra'uf,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta iso lafiya, na gode. Malam yana gaishe ka, yara ma haka. Ƙafar Inna da sauƙi, amma ta ƙi barin Treichville ta dawo wajena, ta ce ba za ta iya hayaniyar Adjamé ba. Gari ya ɗan lafa bayan rikicin nan, ana fita kasuwa, sai dai shingayen bincike sun yi yawa a kan gada.

Na yi murna da jin cewa ana tunawa da Tonton. Mutumin kirki ne. Game da littafin, an daɗe, shekara bakwai ke nan, kuma aikina bugawa ne kawai. Masana su yi ta gardamarsu, sana'arsu ce.

Ina ba ka shawara kada ka dami 'yarsa. Kowa da nasa ciwon.

Sannan ka riƙa kula da rubutunka. In Hausa za ka rubuta, ka rubuta Hausa, ban da "vraiment".

Allah Ya tsare ka a kan hanya. Yayarka,
Ikilima Muhyiddeen

*

Bronx
30 ga Afrilu, 2005

Yaya Ikilima,

Salam, da gaisuwa irin ta kullum. Shawararki ta zo a makare, na riga na je. Kuma dole ne in je, domin akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da zan taso, Tonton ya riƙe hannuna a zaure ya ce, "Ka kai ambulan wajen masu ɗab'i, sannan ka nemi 'yata ka ce mata ina lafiya, ina cin abinci." Shi ke nan saƙon. Na kai ambulan, ban nemi 'yar ba. Na ce sai na samu aiki, sai na samu takardu, sai Turancina ya gyaru. Ina cikin sai-sai aka ce ya rasu.

Tana zaune a Newark, shugabar makarantar firamare ce, ta kai hamsin. Akwai wata tsohuwar goggonta a gidan, ba ta ji sosai, tana ta ƙwala mata kira, "Pankin! Pankin!" Na tambaya, sai Loretta ta yi murmushi ta ce sunanta ne na yarinta, haka mutanen ƙauyensu ke faɗin kabewa, ubanta ya sa mata don an haife ta da ƙaton kai.

Na isar da saƙon, bayan shekara bakwai. Ta ce, "Yana cin abinci?" Na ce sosai, har aceke, dambun rogon nan, da kifi yake ci da hannu. Sai ta ɗauko littafin na ƙarshe ta ajiye a gabana ta ce, "Ni na jawo wannan."

Ashe tana da shekara goma sha tara ya zo jami'arsu ya karanta waƙoƙinsa, 'yan ajinsu suka yi ta kwaikwayonsa. Ta dawo gida ta ce masa ya mai da su abin dariya, ya koyi magana kamar mutum mai ilimi. Daga nan zumuncinsu bai sake miƙewa ba. Da uwarta ta rasu ya tattara ya taho wajen Baba. Da littafin ya fito ta buɗe ta ga babu kalma ɗaya ta ƙauye, sai ta ce ya ji maganarta, ya yanke harshensa saboda ita. Ta ce wani lokaci tana jin kamar ita ta kashe shi, wani lokaci kuma tana rungume littafin, domin shi kaɗai ne alamar ya yafe mata.

Sai ta dube ni ta ce, "Kai ka zauna da shi. Da gaske haka yake magana a ƙarshe?"

Yaya, na ce mata e. Ban san dalili ba. Idonta ne, ko kuma na ji kamar ina kare ki daga wani abu da ban sani ba. Tun ranar ba na jin daɗin komai. Ki faɗa mini me nake karewa.

Naki,
Abdulra'uf

*

Bromakoté
28 ga Mayu, 2005

Abdulra'uf,

Assalamu alaikum. Na shiga rumfar waya sau biyu in kira ka, na fito ban buga ba. Ba zan iya faɗa da baki ba, don haka ga shi a rubuce. Ko Malam bai sani ba.

Ka tuna lokacin da idonsa ya tafi gaba ɗaya, a 96. Ni kaɗai ce mai Turanci a gidan, saboda shekara biyar da na yi a sakandare a Kano wajen Goggo Balaraba. Kowace Asabar da hantsi nakan zauna kusa da bencinsa, yana faɗa ina rubutawa. Ranar Litinin in buga a ofishinmu na fiton kaya lokacin hutun rana. Da farko na yi masa amana. Yakan ce, "A'a, 'yata, ba haka ba," ya jero mini haruffan ɗaya bayan ɗaya, yadda yake so, duk a karkace. Na buga waƙa uku haka.

Wata rana Mista Ofori, wani ɗan Gana da muke aiki tare, ya ɗauki takardar a kan teburina. Ya karanta da ƙarfi yana lanƙwasa baki, ofis duka aka kwashe da dariya. Ya ce, "Wane jahili ne ya rubuta wannan? Ko ke ce?"

Kai ba ka je Kano ba, ba ka san abin da na gani ba. Makona na farko a aji na ce wa malama na manta kayena a gida, ina nufin littafin rubutu, yadda muke faɗa a nan. Aji ya ɗauka. Har na gama makarantar sunana Kaye. In na buɗe baki sai a ce, ku yi shiru 'yar Abijan za ta yi Faransanci. Na rantse ba wanda zai ƙara dariyar bakina. Na gyara Hausata, na gyara Turancina, har kai nake gyara wa. Ranar da Ofori ya yi dariya, sai na ga Tonton, tsoho makaho, za a kai takardunsa Amurka a yi masa abin da aka yi mini. Ban san yana da suna a can ba. Bai taɓa faɗa ba. Na ce bari in rufa masa asiri.

Na sake buga ukun nan da Turanci mai kyau. Na ci gaba haka har waƙa talatin da takwas.

Da a nan na tsaya, da sai in ce kuskure ne. Amma duk Asabar yakan ce in karanta masa abin da na buga. Sai in riƙe takardar da na gyara, in karanta masa da bakinsa, yadda ya faɗa, domin kunnena ya riƙe. Yakan yi dariya har da buga gwiwa, ya ce, "Yarinyar nan, a Alabama aka haife ki, an yi musaya ne a asibiti." Ni ma in yi dariya.

Akwai na ƙarshe. Bayan ka kai ambulan, masu ɗab'i suka rubuto masa. Matar da ta rubuto ta ce: Josiah, ka tabbata? Wannan ba muryar da muka sani ba ce, in akwai wani kwafi ka aiko. A ranar na gane abin da na yi. Ina tsaye a gabansa da wasiƙar, yana cewa, "Me suka ce? Karanta mana." Na ce sun ce sun ji daɗi, suna neman izinin bugawa. Na buga amsa layi biyu, cewa haka nake so, kada a taɓa komai. Na sa masa alƙalami a hannu, na ɗora hannun a kan layin, ya sa hannu. Bayan wata uku ya rasu.

Na ce wa kaina littafin tsoho ne, ba mai karantawa. Shekara bakwai ina faɗa wa kaina haka.

Ka ba ni adireshinta.

Yayarka,
Ikilima

*

Bronx
19 ga Yuni, 2005

Yaya,

Salam. Na karanta a cikin mota, na kasa ɗaukar fasinja har la'asar. Yako, Yaya, sannu. Ba zan zage ki ba, ni da na riƙe saƙon kalma biyar shekara bakwai.

Amma ki yi tunani kafin ki rubuta mata. Matar nan abu ɗaya gare ta, ta yarda ubanta ya yafe mata. In kika ce ke ce, kin cire mata laifi, gaskiya ne, amma kin cire mata yafiyar ma. Me za ki ba ta a madadinsa? Kuma mutanen nan ba sa wasa da irin wannan, sunanki zai shiga jarida, sunan Baba ma. Tonton ya tafi yana murna. Bon, ni a ganina a bar shi haka.

Ban sa adireshin ba. In kin dage, ki aiko ta hannuna.

Naki,
Abdulra'uf

*

Bromakoté
17 ga Yuli, 2005

Ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Na ji maganarka, har na kusa bi. Amma tambayarka ta tsaya mini, me zan ba ta. Sai na tuna littattafan da nake rubutawa a ciki lokacin da yake faɗa. Saboda sauri, da haruffan Hausa nake kama maganarsa, yadda kunnena ya ji, ba ruwana da ƙa'ida. Guda huɗu ne. Da zan yi aure na bar su a akwatin ƙarfen Inna.

Ranar Lahadi na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, na tsallaka gada. An tsayar da mu sau biyu ana duba takardu. Na samu Inna tana tsince shinkafa. Ɗakin Tonton yanzu wani tela ne a ciki, ya sa rediyo. Da na ce akwati nake so, Inna ta ce, "Me kika ajiye da sai yau kika tuna?" Na ce takardun Tonton. Ta ce, "Allah sarki, bawan Allah. Kullum sai ya ce mini ke ce idonsa." Na sunkuya a kan akwatin don kada ta ga fuskata.

Ruwan daminar bara ya shiga ta rufi. Biyu sun manne sun zama dunƙule, na ɓanɓare shafi ya narke a hannuna. Biyu sun tsira. Waƙa ashirin da ɗaya ke ciki, cif yadda ya faɗa. Cikin sauran, tara ina da su a ka. Takwas kuwa guntu-guntu ne.

A nan ƙasa kusa da famfo na zauna ina dubawa, sai na iso waƙa ta goma sha huɗu. Ka buɗe littafin da aka buga, za ka ga waƙa a kan kabewa. Wani manomi ya bar kabewarsa a bakin ƙofa ya yi tafiya, yana tambaya ko ta girma, ko wa ke ba ta ruwa. Na tuna ina bugawa ina cewa tsufa ya fara taɓa Tonton, don yana ce wa kabewa "ita" kamar mutum, abin da Turancin makaranta bai yarda ba. Na gyara rubutun kalmar, na mai da ita kayan miya. A littafina kuwa, da hannuna, sau shida an rubuta Pankin. A baiti na ƙarshe yana cewa da ya san hanyar ba ta komawa, da ya waiwaya ya ce mata ba ta yi masa komai ba.

Abdulra'uf, ya aika mata da yafiyar. Ni na tare ta a hanya.

Ga abin da na ba Alhaji Alu. Littattafan biyu. Kaset uku, na karanta duka a ciki da bakinsa iyakar iyawata, tunda ba mai iya karanta rubutun sai ni da kai. Inda na manta, na yi shiru na bar kaset ɗin yana tafiya, ban cike da nawa ba. Da wasiƙa zuwa gare ta, na faɗi komai, har da alƙalamin. Na rubuta cikakken sunana, na ce ta nuna wa duk wanda take so. Na faɗa wa Malam jiya. Ya ce in aika.

Ka kai mata da kanka. Wannan karon kada ka jira.

Yayarka,
Ikilima

*

Bronx
21 ga Agusta, 2005

Yaya Ikilima,

Salam. Ranar da Alhaji ya sauka, ranar na kai. Kafin in miƙa mata na ce, "Na yi miki ƙarya rannan." Ta karanta wasiƙarki a tsaye, sau biyu. Ta ninke ta, ta ce in tafi. Na tafi.

Bayan kwana tara ta kira ni. Ta ce ba ta da abin sa kaset a gida, ko motata tana da shi? Na je na tsaya a ƙofar gidanta, ta shiga gaba, goggon kuma a baya. Na sa. Da muryarki ta fito, tsohuwar ta dafa kafaɗata ta ce, "Wace ce wannan? 'Yar wane gida ce a garinmu?" Muka ci gaba da saurare har muka iso ta goma sha huɗu. Loretta ta ce in mayar baya. Na mayar sau huɗu. Sannan ta fita ta tsaya ta ba motar baya, mu kuma muka zauna muna jiranta.

Ba zan ƙara miki gishiri ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta ce kin ɗauke mata shekara biyar, tun fitowar littafin, tana zargin kanta, kin kuma bar mutane suna kiran ubanta maci amana a gabanta. Ta ce ta ɗauki alƙalami ta rubuto miki, ta rasa ta inda za ta fara, domin abin da kika yi wa takardunsa shi ta nemi ya yi wa kansa tun tana yarinya.

Ta kai komai wajen masu ɗab'i. Za a sake buga littafin da bakinsa. Inda kika yi shiru, za a bar wurin fari. Wasiƙarki za ta shiga a gaba, da sunanki.

Za ta zo Abidjan a hutun Disamba, tana so ta ga kabarinsa a maƙabartar Williamsville da ɗakin da ya zauna. Ta ce ke take so ki kai ta, tunda ke kika san wurin. Amma ta ce in faɗa miki tun yanzu, ba ta yi alkawarin shiga gidanki ba, ko cin abincinki.

Ki gaida Inna da Malam. Naki,
Abdulra'uf

*

Bromakoté
11 ga Satumba, 2005

Ƙanena Abdulra'uf,

Wa'alaikumus salam. Na gode. Allah Ya saka maka.

Na je Williamsville ranar Juma'a na cire ciyawa. Na yi magana da tela, ya ce zai ba mu ɗakin na yini guda.

Ka aiko mini da rana da sunan jirgin. Zan je in tarye ta da kaina. In ba ta amsa gaisuwata ba, zan ɗauki jakarta in wuce gaba.

Ka huta lafiya. Yayarka,
Ikilima